Babu Jirgi a Sakkwato

Bakwai saura kwata motar makaranta ke tashi,
ta kwashi na Runjin Sambo, ta kwashi na Arkilla,
yara ashirin da uku, da ni mai ƙirga su.
Malam Bube na riƙe da sitiyari
riƙon mai ƙwaryar nono a cunkoson kasuwa.

Kafin mahaɗar Kalambaina,
inda tireloli ke fitowa da siminti,
sai ya taka birki. Cak.
Ya kashe rediyo, ya sauke gilashi,
ya ɗaga yatsa ɗaya, kowa ya yi tsit.
Ya dubi dama, ya dubi hagu,
ya sake duban dama,
ya karkata kunne
kamar mai laluben kiran salla daga wata unguwa.

Ɗan kabu-kabu a bayanmu na ta danna oda.
Cindo, bakin 'yan aji huɗu, ya miƙe:
"Baba, mi kaka jira?
Ai babu jirgi a Sakkwato!"
Mota ta ɗauki dariya.
Bai tanka ba. Ya sa giya, muka haye.

Sai da tara ta yi, a inuwar dogonyaro,
yana goge madubi da gefen rawani,
ya ce da ni: "Malama,
a Ƙauran Namoda nik koyi tuƙi,
can inda dogo yaƙ ƙare.
Mu biyu muna ga maigida guda, ni da Ɗan'ige.
Ya fi ni hannu, ya fi ni ido.
Ran nan yaj ji kukan jirgi,
yac ce shina riga shi.
Taku ukku ɗai yar rage mai.
Ni nik kai hulatai gida."

Ya ninke tsumma, ya sa aljihu.
"Jirgi bai da kwana, bai da ban haƙuri.
Tun ran nan ko'ina hanya tag gitta hanya,
dogo nika gani kwance.
Minti guda ne.
Ɗiyan mutane sun fi shi tsada."

Jiya zazzaɓi ya kwantar da shi.
Aka turo wani yaro, Lauwali,
mai kiɗa a kunne da ƙafa mai nauyi.
Mun doshi mahaɗa bai sassauta ba,
ni kuwa harshena ya liƙe a ganɗa.

Sai na ga yatsa ɗaya a sama.
Na Cindo.
Sai na Kulu, sai na Luba,
har ashirin da uku.
"Tsaya! A saurari jirgi!"

Lauwali ya taka birki, ya waigo a firgice.
Muka dubi dama, muka dubi hagu.
Ba abin da ya gitta
sai jaki da buhu biyu na albasa.

Muka jira shi ya wuce.
Ba wanda ya yi dariya.