Minti Ɗaya

Shekara goma sha tara ina gaban allo a Asawase,
alli ya cinye mini yatsu uku.
Yara sittin da huɗu, fanka ɗaya, ita ma sai ta ga dama.
In na nuna layi da sanda
aji ya ɗauka da murya guda,
har mai kokon bakin ƙofa ta haddace shafi na tara.
Ni kuwa na ce karatu ke nan.

Sai takarda daga ofishin ilimi:
horo, Asabar huɗu, a zo da biro.
Na je ina cika ina batsewa.
Wai Afriyie ce za ta koya mini koyarwa,
yarinyar da ranar da na fara riƙe alli
haƙoran gabanta ba su gama fitowa ba.

Ba ta yi dogon Turanci ba.
Murafun kwalba ta zube a tebur, kowanne da harafi a cikinsa,
ta zaunar da mu a bencin yara. Gwiwata ta yi ƙara.
Ta ce, ran Litinin kada ku tambayi aji.
Yaro ɗaya, minti ɗaya, ku kuma ku kame bakinku.
Kame bakin ne ya fi mini wuya.

Na kira Mardiya,
wadda muryarta ke jan ta kowa.
Shafi na tara ya zubo kamar ruwa a kan rufin kwano.
Na buɗe na goma sha biyu.
Shiru.
Har ina jin yaran mota suna kiran Aboabo.
Yatsanta na yawo a kan layi
kamar baƙo a Kejetia wanda ba a zo tarbarsa ba.
Can ta ce, Madam, fara mini.

Kafin Juma'a na ƙirga ashirin da uku
masu motsa leɓe a inuwar muryar wasu.
Hausa a gida, Twi a kasuwa,
Larabci da yamma, Turanci a wurina:
harshe huɗu a baki, babu ɗaya a ido.
Na bara fa? Na bara waccan?
Akwai Isaka mai tura baro a kasuwa,
kullum sai ya rusuna ya gaishe ni.
Daren nan ban ci tuwo ba.

Yanzu da sassafe, kafin ƙararrawa,
shida-shida muke zama a barandar baya
da murafunmu a cikin gwangwanin madara.
Sauti, sai sauti, sai a ɗaura su kamar bakin zane.
Wasu har yau b da d na yi musu wasan ɓuya.
Hedimasta ya leƙo ya ce, lafiya ajinki ya yi tsit?
Na ce lafiya, karatu muke.

Mardiya ba ta gudu yanzu.
Tuntuɓe take, ta tsaya, ta koma baya.
Jiya ta shigo da ƙosai a hannu,
ta ce, Madam, allon mai koko fa,
kok aka rubuta, wani harafi ya goge.

Na fita na duba.
Shekara nawa ina wuce allon nan.