Takalmina Ɗaya Yana Matsirga

Mun bar Barnawa ladan bai gama sauke murya ba,
mu biyar a tsohuwar motar Sabi'u
mai ƙofar baya da ake ɗaurewa da igiya.
Zigwai ta rungume kular ƙwai a cinya,
Didam na gaba, ɗan gari, idon tafiya,
Ramlatu ta yi barci tun kafin Kujama.
Ni ko sai cika baki nake:
dutse ai dutse ne,
ba ni na hau Kufena ina ɗan firamare ba?

A Kachia muka sha shayi a tsaye.
Daga nan ƙasa ta sake riga,
kore a kan kore, gonakin citta, jan laka,
hadari na kiwo can gefen gabas kamar shanu.

Ashe hangen Kagoro ba hawansa ba ne.
Tun ana dariya har aka koma nishi.
Tumbin da na tara shekara tara a bayan tebur
ya ce yau sai mun yi lissafi.
Gwiwa ta ɗauki rawa ba makaɗi.
Na zauna a kan wani falalen dutse
ina ƙaryar ɗaure igiyar takalmi,
sai ga wata tsohuwa da dammin itace a ka,
ba sanda, ba haki,
ta dube ni ta ce, "Sannu, ɗan birni,"
ta wuce mu kamar mai zuwa maƙwabta ɗebo wuta.

Baki shi ke yanka wuya.
Ramlatu ta karɓi jakata ba ta ce uffan ba,
wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Amma da muka kai!
Kafanchan ta koma tafin hannu,
layin dogo siriri kamar zaren da ya kuɓuce wa tela,
shaho yana shawagi a ƙasanmu, mu ne a sama.
Muka ɓare ƙwai, iska ta kwashe gishirin.
Wani biri ya sauko ya ɗauki ayabar Sabi'u
a gaban idonsa, ko sallama babu.

Bayan azahar muka gangara Matsirga.
Tun daga nesa kunne ya riga ido isa.
Ruwa ne fari fat yake faɗowa,
ba ya hutu, ba ya sauraron kowa,
feshinsa ya jiƙa mu tun ba mu yanke shawarar jiƙewa ba.
Didam ya ce akwai kogo a bayansa.
Muka kama hannun juna, muna takawa a kan gansakuka,
Zigwai na kiran Yesu, ni ina hasbunallahu,
kowa ya riƙe na kusa da shi gam.

Nan santsi ya kwashe ni.
Na ji hannu huɗu a wuyan rigata,
na ga takalmina na hagu yana juyi a kumfa,
ya nutse, ya ɓullo, ya yi gaba abinsa.

A cikin kogon ba a jin magana.
Sabi'u na ta buɗe baki, ban san me yake cewa ba,
na dai ga haƙoransa.
Ta cikin labulen ruwa rana ta shigo,
bakan gizo ya tsaya dab da mu,
har Ramlatu ta miƙa hannu.

Da magariba innar Didam ta zuba mana faten acca,
muka sha muna ƙona harshe,
riguna na ɗiga a kan danga.
Ta ba ni silifas ɗin mijinta, ya yi mini kaɗan.

Yau Litinin, ina ofis, cinyoyina na kuka.
Ɗaya takalmin na nan ƙarƙashin tebur,
da jan laka a dunduniya.
Masinja ya ce ya yar? Na ce bar shi.