Aron Kwana Uku

Rumfata na kallon ƙofar meri.
Shekara goma sha ɗaya ina buga wa Maradawa takardu:
ta gona, ta gado, ta neman aiki, ta ban haƙuri.
Kwamfutata ta tsufa tare da ni.
In na kunna ta, sai ta yi gyaran murya
kamar ladan da asuba.
Haruffa uku sun goge,
yatsuna kaɗai suka san gidajensu.

Ranar Litinin Harisu ya kira ni shagonsa a babbar kasuwa,
ya zaro wani abu daga kwali
kamar mai ɗauko jariri.
Allo ne na gilashi, bai fi faifai nauyi ba.
"Jika ɗari bakwai," in ji shi, "amma kai namu ne.
Tafi da shi kwana uku, ka gani.
Wannan ya binne kwamfuta."

Jika ɗari bakwai!
A bayan ɗan kabu-kabu na yi ta lissafi:
buhun aya nawa ke nan,
hayar rumfa ta shekara nawa,
har muka wuce kwanarmu ban sani ba.

Ranar farko wuta ta ɗauke da azahar, kamar kullum.
Maƙwabtana suka koma fifita da kwali,
ni kuwa allona na haske,
layi ya dawo ƙofata.
Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.
Sai dai buga rubutu a gilashi
kamar kiɗa ne a ganga marar fata:
hannu na motsi, kunne na jira.
Na rubuta "gona", ya mai da ita wata kalmar Faransanci,
wai gyara yake yi mini.

Rana ta biyu Ma'azu ya zo daga Tibiri
da ɗan makullin da ya zuba takardun filinsa a ciki.
Na juya allon gabas, na juya yamma,
babu ƙofar da makullin zai shiga.
Injin buga takarda ma ya ƙi amsa sallamarsa.
Na kira Harisu.
"Akwai igiyar haɗi, jika goma sha biyar.
Akwai madannai, jika tamanin."
To, an ba ka rijiya,
guga daban, igiya daban,
ruwan ma sai ka nemi izini.
Ma'azu ya sha shayina, ya tafi rumfar gaba.

Daren na uku na ajiye shi kan tabarma.
Barira, 'yata,
wadda ke zanen wuyan riga da biro a bayan takardar siminti,
ta ɗauki alƙalaminsa.
Ta ja layi, ta lanƙwasa, ta goge da yatsa,
ba yagewa, ba tawada.
Ta sa shuɗi, ta cire, ta sa ruwan goro.
Tuwonta ya huce.
Har aka rufe gidan rediyo tana duƙe,
hasken na kwance a fuskarta.
Rabon da in ga fuskar nan haka
tun kafin uwarta ta kwanta ciwo.

Da safe na mayar.
"Yaya ka gani?"
Na ce, "Takalmi ne mai kyau, ƙafar ce ba tasa ba."
Na sayi sabon batir na jika tara
don tsohuwar mai tari.

Harisu ya sa hannun riga yana goge gilashin,
sawun yatsuna da nata suna ɓacewa tare.
Na ce, "Akwai zane a ciki, kar ka taɓa."
Na kai bakin ƙofa, na dawo.
"Babu ƙaraminsa, ko wanda aka ɗan yi amfani da shi,
mai alƙalami dai?"

Ya dube ni, ya yi dariya.
"Ka zo bayan kaka."