Zaƙin da Ba Ya Kwana

Likita a Kahamarka ya ɗaga takarda ya duba,
ya ce, "Zenobiyo, kai da suga sai a lahira."
Tsohon ya gyara malafarsa, bai ce uffan ba
har mota ta gama hawan dutse da mu.
Da safe ya kurɓi gahawa, ya ture kofin:
"Fortunata, wannan ai ruwan wankin tukunya ne."

Sai na tuna da yakon na bayan shinge,
wanda ciyawa ta haɗiye tun rasuwar surukata.
Ya fi ni tsawo yanzu,
furensa rawaya, ƙanana kamar maɓallan riga.
Na sa fartanya a hankali, don saiwar ba ta son wasa,
ƙarfe na taɓa ta, ta tsage, ta hau hawaye.
A ido dankali ce.
A haƙori kuwa ruwa ne da ya koyi ƙaras-ƙaras.

Kwana bakwai tana shan rana a kan rufi
har fatarta ta yamutse kamar tawa.
Sai ta tsufa take daɗi, in ji marigayiya,
ban san da wa take ba a lokacin.

Na fere, na gurza, na matse a tsumma,
na ɗiga lemun tsami kada ta yi saurin baƙi.
Tun hantsi nake kwashe kumfa,
hayaƙin icen turare na cin idona,
har inuwar dutse ta rufe garken tumaki.
Buhu guda na tona.
Abin da ya rage a gindin tukunya
bai cika kwalba biyu ba,
baƙi, mai yauƙi, yana bin cokali da nawa.

Jikarmu Yesenya da ke aikin jinya ta ce
wannan zaƙin baƙo ne mai kunya:
ya gaida harshe, ya wuce,
ba ya shimfiɗa tabarma a jini.
"Amma cokali ɗaya, Kaka.
In ya zarce, cikinsa zai yi ta tsawa har gari ya waye."

Ya ɗanɗana. Ya daɗe yana kallon bango.
"Ba zuma ba ce," ya ce.
Na ce, "Ni ma ban ce ƙudan zuma ce ni ba."
Ya miƙo kofin.

Gobe zan mayar da kan saiwar ƙasa,
layi uku, kusa da ƙofa,
inda zan riƙa ganinsa daga murhu.