Tsamiya a Kasko

Shekara tara ke nan a Yawuri
ina renon tsamiya cikin kasko,
tsayinta bai kai kamu guda ba.
Na naɗe ta da wayar tagulla,
ta karkata kamar mai leƙen jirgi a Kwara.

Ran Asabar Arzika ya kawo kukarsa a tasa,
Nomau da gawonsa, mai ƙin ruwan Allah sai na buta.
Arzika ya tsuguna, ya daɗe.
"Reshen ƙasan nan ƙarya yake yi,
tsohuwa ba ta miƙa hannu haka."
Nomau ya ce a bar wa damina hukunci.

Da suka tafi na wasa almakashi,
na kama reshen.
Har aka kira magariba
ban yanke ba.