Igiyar Awon Sada

Sada tela ne ya fara faɗa mini.
Ya zagaya igiyar awo a ƙuguna,
ya dubi tsohon littafinsa, ya dube ni,
ya ce, "Akawu, bana yadi biyar ba zai kai ba."
Yaran shagon suka duƙufa kan kekuna,
kafaɗunsu na rawa.

Likita ta ɗora nata a kai:
jini ya hau, suga na leƙe ta taga.
Gwiwa kuwa ba ta jira likita ba,
tun a raka'a ta biyu take kai ƙarata.

Sai na shiga neman yanke.
Wani a Ƙofar Ƙaura ya sayar mini da shayi,
ya rantse kwana bakwai tumbi zai sace.
Kwana bakwai na yi ina zarya da buta,
aljihuna kaɗai ya rame.

Ƙasimu na ofis ya ce hatsi ne magabci.
Na yi wa tuwo saki uku,
na ƙaurace wa fura,
ni da aka yaye da kunun gero!
Nama da ƙwai, ƙwai da nama,
kilo shida suka tafi, na cika baki a majalisa.
Ran sunan ɗan ƙanena aka ajiye waina da miyar taushe.
Kafin wata ya zagayo shidan sun dawo gida,
sun taho da baƙi biyu.

Na sha ruwan ɗumi da lemun tsami kafin gari ya waye.
Na ɗaura ɗamarar roba a ƙarƙashin taguwa,
ina gumi a sahun Juma'a
kamar mai ɓoye kayan sata.

Yahanasu ce ta gaji da kallo.
Tana kwashe tuwo, ba ta ko ɗago ba, ta ce,
"Shekara ashirin kana riƙe da lissafin hukumar ruwa,
kwabo bai taɓa ɓace maka ba,
amma malmala nawa ke shiga cikinka, ba ka sani ba."
Ta miƙo mini littafi mai falle arba'in,
ragowar na Bara'atu.

Bara'atun ce ta koya mini ƙirga kalori.
Na ja layi da rula kamar yadda na saba:
shiga a hagu, fita a dama.
Suga cokali uku a shayi, sau biyu a yini.
Lemon kwalba bayan azahar.
Gyaɗar da ke cikin aljihun tebur, wadda ban taɓa ɗaukarta abinci ba.
Tsiren Talle bayan isha'i, na ɗari biyar, "don ɗanɗano".
Mai da ke kwance a kan ɗanwake yana ƙyalli.
Ashe tuwo na yi wa ƙazafi,
ɓarayin ƙanana ne, kuma ni ke buɗe musu ƙofa.

Kada in yi ƙarya, ƙirgar ma tana da gajiya.
Akwai daren da na ci alkaki uku na rubuta ɗaya.
Akwai shafuka huɗu fari fat,
makon bikin 'yar maƙwabcinmu ne.
Amma littafin bai taɓa cewa in saki kowa ba.
Na mai da tuwo ɗakinsa, malmala ɗaya da rabi,
zogale ya cike gurbin sauran.
Fura ludayi shida, ba suga.
Bayan asuba in taka daga Rafindaɗi zuwa Gobarau,
in gai da hasumiya, in juyo
ana buɗe shaguna.

Wata bakwai.
Babu wanda ya tare ni a hanya ya ce na canza.

Jiya na kai wa Sada ɗinki.
Ya zagaya igiya, ya sake zagayawa,
ya ce, "Inci biyu."
Ya ɗauki biro zai soke tsohuwar lamba,
na riƙe hannunsa.
Na ce, "Rubuta da fensir tukuna,
na san halin mutumin."