Rami Biyar

Sha ɗaya da rabi Ofelia ke rufe shagon wanki
a bakin titin da tireloli ke ratsa Amarillo.
Taku arba'in ne daga ƙofa zuwa motarta.

A jaka, tsakanin makulli da man zafi,
libarbar marigayi mijinta na kwance,
gajeriya, mai rami biyar,
ƙotarta ta yi sulɓi da gumin mutum biyu.

Jikanta Leandro ya ce, "Kaka, wannan ai kayan tarihi ne.
Tawa sha bakwai take ci.
In mutum uku suka taso miki fa?"
Ya zare harsashi, ya miƙa mata.

Ta ja bayanta don ta ɗana. Ƙarfen ya ƙi.
Ta cije leɓe, ta sake.
Yatsun da suka tsufa a ninkin zanen gado
suka ce iyakarsu ke nan.

"Sha bakwai a hannunka," in ji ta,
"a nawa ko ɗaya babu."

Shi ma bai yi ƙarya ba.
Kunamar tsohuwar nauyi gare ta,
ɗura ta kuwa kamar zura zare a allura.
Ran Asabar a filin gwaji
biyu kan sami takarda, uku su ci ƙasa.

Daren jiya wani ya tsaya jikin kwandon shara.
Hannunta ya nutse a jaka, ya taɓo sanyi.
Ashana yake nema.
Ta ce ba ta shan taba.

Talatin da tara. Arba'in.
Ta shiga, ta kulle,
ta jira gwiwarta ta daina rawa.